KIMIYYA DA ZAMANI: Koyon Saukar Ungulu A Wasan Kwamfuta

Da Bahaushe ya fara ganin helikafta, abin da ya ɗauki hankalinsa shi ne yadda yake dira ƙasa ba tare da ya nemi dogon fili ba, saboda haka ya raɗa masa suna jirgi mai saukar ungulu. Sunan ya dace ƙwarai, domin saukar nan ita ce dalilin da ya sa aka ƙera jirgin, kuma a wajenta ne gwanintar matuƙi take bayyana. Amma a cikin sunan akwai tarko, kuma babu masu yawan faɗa masa kamar samarin da suke koyon tuƙin wannan jirgi a wasan kwamfuta.

Mutane da yawa sun ɗauka ungulu faɗowa take yi tsaye daga sama, kamar an saki guga cikin rijiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin mahauta ya lura, ya san ba haka abin yake ba. Ungulu takan yi kewaye tukuna ta dubi wurin, sa'an nan ta gangaro a karkace tana fuskantar iska, ta buɗe fuka-fuki ta rage gudu, ta miƙa ƙafafu, kana ta taɓa ƙasa. Haka ake yi da jirgin da aka ba sunanta. Wanda ya ce zai sauko da shi tsaye kuma da sauri, ya kama hanyar fasa shi.

Maganar ta taso ne domin wasannin tuƙin jirgin sama sun shiga gidaje da ɗakunan kwanan ɗalibai. Yaro zai zauna gaban kwamfuta, allo ya zama gilashin gaban jirgi, ga agogunan auna gudu da auna nisa daga ƙasa, ga ƙarar inji, ga gari da duwatsu a shimfiɗe ƙarƙashinsa. Iyaye da dama suna kallon abin a matsayin shiririta mai cin lokaci da kuɗin lantarki. Su kuwa yaran, wasunsu har sun kai ga zaton cewa da za a miƙa musu jirgi na gaske gobe, za su tashe shi su komo da shi lafiya. Ɓangarorin biyu duka sun yi kuskure, kuma a wajen sauka ne za a fi gane haka. Tashi a wasan ba wuya, sanda ɗaya ake ja sama jirgi ya bar ƙasa. Komowa daidai inda aka nufa, ba tare da an karya kome ba, shi ne abin da kan ɗauki mai koyo makonni.

ASALIN ABIN

Ba yau aka fara haɗa wasa da koyon tuƙin jirgi ba. A shekarar 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link, a garin Binghamton na Jihar New York, ya harhaɗa wani akwati mai siffar ɗan ƙaramin jirgi. Akwatin yana karkata dama da hagu, gaba da baya, da taimakon zuga-zugi irin na kayan kiɗan da ake ƙerawa a masana'antar mahaifinsa. Da fari masu wuraren shaƙatawa ne suka fi sayensa, jama'a suna biyan kuɗi suna hawa don nishaɗi. A 1934 aka ɗora wa sojojin saman Amurka aikin jigilar wasiƙu, matuƙa da dama suka hallaka cikin 'yan watanni saboda tafiyar dare da mummunan yanayi, daga nan ne rundunar ta sayi akwatin guda 6. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an ƙera fiye da 10,000, an kuma ƙiyasta cewa matuƙan Amurka fiye da 500,000 sun yi koyo a cikin irinsa. Watau abin da aka fara rainawa a matsayin abin wasa ya komo yana ceton rayuka.

Da kwamfuta ta shiga gidajen mutane, sai akwatin ya koma cikin allo. A ƙarshen shekarun 1970 wani injiniya mai suna Bruce Artwick ya tsara wasan tuƙin jirgi na ƙananan kwamfutoci, kuma daga aikinsa ne kamfanin Microsoft ya fito da Flight Simulator a 1982. Sai a 1997 aka sa helikafta a cikinsa, samfurin Bell 206. Sabon zubin wasan da ya fito a 2020 ya zo babu helikafta ko ɗaya, sai a watan Nuwamba na 2022 aka ƙara guda biyu, Bell 407 da Cabri G2. Wannan jinkiri kansa shaida ce ta wahalar abin, domin lissafin yadda iska take ratsa farfela mai juyi ya fi na fiffiken da ke tsaye wuri guda sarƙaƙiya nesa ba kusa ba. Akwai kuma X-Plane, wanda Austin Meyer ya fara fitarwa a 1995, da DCS, wanda ya kawo jirgin nan UH-1 na zamanin yaƙin Biyetnam a 2013. Duk waɗannan an gina su ne a kan lissafi na gaske, saboda haka kuskuren da zai kayar da jirgi a sararin sama, shi ne yake kayar da shi a kan allo.

HANNU BIYU DA ƘAFA BIYU

Matuƙin helikafta ba shi da gaɓar da take hutawa. A gefensa na hagu akwai sanda mai kama da birkin hannu na mota, ita ce sandar ɗagawa. In ya ja ta sama, fuka-fukan babbar farfela dukansu sukan ƙara karkata su ci iska da yawa, jirgi ya hau. In ya sauke ta, jirgi ya sauko. Saurin juyin farfelar kuwa kusan ɗaya ne koyaushe, inji ne yake kula da shi. A tsakanin gwiwoyinsa akwai sanda ta biyu a hannun dama, ita ce sandar karkatawa. Duk inda ya tura ta, can faifan farfelar zai sunkuya, can kuma jirgin zai nufa. A ƙarƙashin ƙafafunsa akwai feda biyu masu sarrafa ƙaramar farfelar wutsiya, su ne suke juya hancin jirgi dama ko hagu.

Dalilin wannan ƙaramar farfela shi ne, yayin da inji yake murɗa babbar farfela ta wani gefe, gangar jirgin takan so ta juya ta ɗaya gefen. Farfelar wutsiya ce take riƙe ta. Wannan tsari na babbar farfela ɗaya a sama da ƙarama a wutsiya, Igor Sikorsky ne ya tabbatar da shi da jirginsa VS-300, wanda ya fara ɗagawa daga ƙasa ran 14 ga Satumba, 1939. Shi da kansa ya zauna a kujerar tuƙi, kuma a ɗaure jirgin yake da igiyoyi domin kada ya ƙwace. Sai a watan Mayu na 1940 ya tashi babu ɗauri. Idan wanda ya ƙera jirgin ya fara da ɗaure shi, babu abin kunya ga yaron da ya fara da faɗuwa a kan allo.

Wahalar ita ce, taɓa ɗaya daga cikin abubuwan nan uku yana tayar da sauran biyun. A jirgin Amurka kamar Bell 407, da zarar an ja sandar ɗagawa sama, hanci zai zame dama, sai an taka fedar hagu. Da an taka ta, farfelar wutsiya za ta ƙara tura jirgin gaba ɗayansa zuwa dama, sai an ɗan jingina sandar karkatawa hagu. Jiragen Faransa da na Rasha kuwa babbar farfelarsu ta ɗaya gefen take juyi, don haka kome ya koma a birkice. Mai koyon da ya saba da Bell 407, in ya koma kan Cabri G2, wanda ƙirar Faransa ce, zai ga ƙafar da ta saba cetonsa ita ce take juya shi kamar katantanwa. Shi ya sa ake so mutum ya zaɓi jirgi ɗaya ya lizimce shi har hannu da ƙafa su saba.

TSAYAWA WURI GUDA

Babu mai iya sauka sai wanda ya iya tsayawa. Darasin farko shi ne a ɗaga jirgi kamar ƙafa 3 zuwa 5 daga ƙasa, a riƙe shi nan, ba gaba ba baya. A nan ne kowane sabon shiga yake shan kunya. Jirgin a rataye yake ƙarƙashin farfelarsa, kuma ba ya amsa umarni nan take, sai bayan ɗan taƙi. Mai koyo zai ga jirgi yana zamewa hagu, ya tura sanda dama, ya ga shiru, ya ƙara turawa. Kafin ya ankara jirgi ya zabura dama, sai ya fizgo hagu da ƙarfi. Kowane lilo ya fi na bayansa faɗi, har farfela ta sari ƙasa. Jirgin bai yi kome ba, hannun matuƙi ne ya lilo shi.

Maganin abin yana wurin mai tallan nono. Ƙwarya tana bisa kanta, tana tafe tana hira, ba ta duban ƙafafunta, ba ta kuma jira sai ƙwaryar ta karkace sosai kafin ta gyara. Wuyanta yana motsi koyaushe, amma motsin da ido ba ya gani. Haka hannun matuƙi. Yakan ɗora damtsensa a kan cinya, ya riƙe sandar da 'yan yatsu, ya matsa ta kaɗan ya mayar, tun kafin zamewar ta yi nisa. Idonsa kuwa yana can nesa, a kan wata bishiya ko wani gini da ke gaba, domin wanda ya kafa ido a kan ciyawar da ke ƙarƙashin hancin jirgi ba zai ga karkatar ba sai ta yi yawa.

Kayan aiki ma suna da nasu hannu a ciki. Mai wasa da madannan kwamfuta kaɗai ya ɗora wa kansa abin da ya fi ƙarfinsa, domin madanni ba shi da tsaka-tsaki, ko an danna ko ba a danna ba, alhali kuwa tsayawa a iska duk aikin tsaka-tsaki ne. Sandar wasa ta fi, amma ita ma gajera ce, kuma tana da waya mai mayar da ita tsakiya da ƙarfi, saboda haka motsi kaɗan a hannu yakan zama babba a jirgi. Yawancin wasannin suna ba da damar a rage kaifin sandar a wajen tsakiyarta. Wanda ya yi haka, ya kuma samu feda ko sandar da ake murɗawa a madadinsu, ya rage wa kansa rabin wahala.

GANGAROWA

In tsayawa ta samu, sai a koma ga saukar kanta. Abu na farko shi ne a san inda iska take fitowa, ta hanyar duban tutar iska da ke filin, ko hayaƙi, ko kwanciyar ciyawa, a kuma juyo a fuskance ta. Matuƙi yakan fara gangarowa daga kamar ƙafa 300 zuwa 500, da gudun wajen kilomita 110 a awa, a kan gangare mai sauƙi wanda bai wuce digiri 7 zuwa 12 ba. Yakan zaɓi wurin da zai sauka, ya lura da inda wurin ya zauna a jikin gilashin gabansa, ya riƙe shi nan. In wurin ya fara hawa sama a gilashin, to jirgi ya yi ƙasa da yawa, ba zai kai ba. In ya fara gangarawa ƙasa, jirgi zai wuce shi. Da sandar ɗagawa ake gyara wannan.

Sandar karkatawa kuma ita ce ta rage gudu. Ƙa'idar da malaman tuƙi suke koyarwa ita ce, tun daga sama har ƙasa, ya kamata a ga kamar ƙasa tana tahowa da saurin mutum mai tafiya da ƙafa yana hanzari. Daga nesa gudu mai yawa yakan yi kama da haka. Ana matsowa kusa, dole a dinga rage shi a hankali domin kamannin ya ci gaba da zama ɗaya. Kuskuren sabon shiga a nan shi ne ya iso da gudu, sai ya ga fili ya zo, ya ja sanda baya da ƙarfi. Hanci ya ɗaga, jirgi ya yi sama kamar an tunkuɗa shi, fili ya ɓace daga gani, wutsiya kuma ta nufi ƙasa. Wanda zai sauka lafiya tun yana nesa yake fara sauka. Tun ran gini ran zane.

A kusa da ƙarshe akwai canji biyu da suke zuwa bi da bi. Jirgin da ke tafiya gaba yana shiga sabuwar iska koyaushe, farfelarsa tana samun ƙarin ɗauka a kyauta. Da gudu ya faɗi ƙasa da kamar kilomita 30 zuwa 45 a awa, wannan kyauta takan yanke, jirgi ya yi 'yar girgiza ya fara nitsewa. Dole a tare shi da sandar ɗagawa, kuma da an ja ta dole a taka feda. Jim kaɗan, in jirgi ya matso ƙasa kamar tsawon faɗin farfelarsa, iskar da yake turowa takan tarar da ƙasa ta zama masa kamar matashi, nitsewar ta ragu da kanta. Wanda bai san da wannan ba zai ga jirgi ya ƙi ƙarasawa, ya sauke sanda da yawa, ya buga ƙasa. Cikin daƙiƙa kamar goma, hannun hagu ya hau ya sauka, ƙafa ta bi shi, hannun dama yana riƙe da daidaito.

RAMIN ISKA

A nan ne tarkon sunan yake. Farfela tana tura iska ƙasa domin ta ɗauki jirgi. Idan jirgin ya sauko tsaye da sauri, yakan faɗa cikin iskar da shi kansa ya tura. Iskar takan naɗo ta bakin fuka-fukan ta koma sama, farfela ta sake zuƙo ta, ta zama zobe mai kewaya wuri guda wanda ba ya ɗaukar kome. Abubuwa uku ne suke haɗuwa su jawo wannan: saukowa da saurin da ya kai ƙafa 300 a minti ko fiye, da ƙarancin gudun gaba, da kuma inji yana aiki. In suka haɗu, jirgi yakan yi rawa, sanduna su yi sanyi, ya fara zubowa, har saurin faɗuwar ya kai ƙafa dubbai a minti.

Muninsa shi ne, abin da hankali yake ba mutum a wannan lokaci shi ne ya ja sandar ɗagawa, kuma jan nata ƙara wa zoben ƙarfi yake yi. Mafita ita ce a fice daga cikin gurɓatacciyar iskar, a tura hanci gaba a samu gudu, a ɗan sassauta sandar ɗagawa. Wani matuƙi ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Claude Vuichard ya yaɗa wata dabara ta zamewa gefe guda, wadda ba ta cin nisa da yawa. Kowace aka bi tana bukatar sarari tsakanin jirgi da ƙasa, kuma wanda abin ya same shi a ƙafa 50 ba shi da wannan sarari. Amfanin wasan a nan babba ne. Mai koyo yana iya hawa ƙafa 3,000, ya jefa kansa cikin ramin da gangan sau ashirin, har ya gane alamunsa tun kafin ya buɗe, ba tare da an zubar da jini ko mai ba.

Taɓa ƙasa ma tana da nata sharaɗi. Ba a dira sai jirgi ya daina zamewa gefe. In ƙafar ƙarfe ɗaya ta kama ƙasa alhali jirgi yana tafiya a kaikaice, ƙafar takan zama madogara, ƙarfin farfela ya kifar da jirgin a kanta, kuma in ya wuce wani mizani babu sandar da za ta komo da shi. Abin yi shi ne a sauke sandar ɗagawa a hankali da zarar an ji alamar. A jirgin Amurka ƙafar hagu ce takan riga taɓawa, wannan ba laifi ba ne. Sai a ci gaba da saukewa kaɗan-kaɗan har nauyin jirgi duka ya zauna. Matuƙi bai gama tuƙi ba sai sandar ta kai ƙasa.

ABIN DA ALLO BA YA NUNAWA

Duk da wannan, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Matuƙi na gaske da jikinsa yake jin jirgi. Kujera tana gaya masa cewa an fara nitsewa tun kafin allurar agogo ta motsa, gefen idonsa yana ganin zamewar ƙasa, kunnensa yana jin canjin muryar farfela. Mai zama a gaban allo ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan sai abin da ya gani ta wata 'yar taga. Shi ya sa na'urorin horarwa na gaske, waɗanda hukumomin jiragen sama suke amincewa da su, ake ɗora su a kan ƙafafu shida masu motsi, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Shi ya sa kuma a Amurka galibi ba a ba mutum lasin tuƙin helikafta na farko sai ya yi aƙalla awa 40 na horo, yawancinsu a sararin sama. A Nijeriya ma, wanda yake son aikin jirgi da gaske makaranta zai nufa, irin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964.

Sa'an nan akwai ƙura. Ran 2 ga Fabrairu, 2019, helikaftan da ke ɗauke da Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya zo sauka a Kabba ta Jihar Kogi. Lokacin rani ne, ƙasa ta bushe. Da jirgin ya matso, iskar farfelarsa ta tayar da ƙura ta rufe shi, matuƙan suka daina ganin ƙasa, jirgin ya bugu ya kife ta gefen dama. Mutum 12 ne a ciki, babu wanda ya rasa ransa. Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta danganta abin da wannan ƙura. Wasu wasannin suna zana ƙura a kan allo, amma mai wasa yana zaune a kujerar da ba ta motsi, ya san inda ƙasa take. Wanda ƙura ta rufe a cikin jirgi na gaske, jikinsa yakan yi masa ƙarya, ya ji kamar yana tsaye alhali yana zamewa. Duk mai sauka a filayen ƙasar nan lokacin hunturu da bazara yana fuskantar wannan.

Ko gwaji mafi tsada yana iya barin abu ɗaya a baya. A watan Mayu na 2011, sojojin Amurka da suka kai samame gidan Usama bin Ladan a Abbottabad ta Pakistan sun yi ta maimaita aikin tun a gida, a wani wuri da aka gina mai kama da gidan. Kamar yadda aka bayyana daga baya, wurin gwajin an kewaye shi da shingen waya ne, wanda iska take ratsawa, gidan na gaske kuwa doguwar katanga ce ta siminti. Da helikafta na farko ya tsaya a bisa farfajiyar, katangar ta tare iskar farfelarsa ta mayar masa da ita, ga kuma ɗumin dare da ya wuce yadda aka zata. Jirgin ya nitse, wutsiyarsa ta bugi katanga, dole suka bar shi a can. Waɗannan ƙwararru ne na ƙarshe, bambancin waya da siminti ya kayar musu da jirgi.

JA DA BAYA GA RAGO

Saboda haka darajar wasan da haɗarinsa daga wuri ɗaya suke fitowa, watau arhar faɗuwa. A wasa jirgi zai tarwatse, a danna maɓalli ɗaya ya dawo sabo. Wannan ne ya sa ake iya gwada abin da ba a isa a gwada a sama ba. Amma shi ne kuma yake koya wa yaro mugun hali, na cusa jirgi a fili ko ta halin ƙaƙa, tun da ba abin da zai rasa. A tuƙi na gaske, in gangarowa ta lalace, gudu ya yi yawa ko saukowa ta yi tsanani ko fili ya ɓace, matuƙi yakan ja sanda ya wuce, ya kewayo ya sake shiri. Malamai ba sa ɗaukar wannan a matsayin gazawa. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Jirage da yawa sun fashe ne domin matuƙi ya ji kunyar fasa sauka a gaban jama'ar da suka taru suna jira.

Mai koyon da yake son wasan ya amfane shi, sai ya sa wa kansa dokar da wasan bai sa masa ba. Ya ɗauka akwai mutane a bayansa. Ya duba iska kafin ya juyo. Ya ƙayyade tun daga sama cewa in ya kai ƙafa 100 bai daidaita ba, zai fasa. Ya fara da fili mai faɗi, ya yi sauka goma a jere ba tare da kuskure ba kafin ya nemi rufin asibiti ko dandalin haƙar mai a tsakiyar teku, irin waɗanda matuƙa suke sauka a kansu kullum a gaɓar Neja Delta. In ya faɗi, ya tsaya ya binciki dalili kafin ya danna maɓallin nan. Yawancin wasannin suna iya maimaita wa mutum tafiyarsa ya kalla daga waje, kuma a nan zai ga daidai inda hannunsa ya yi gaggawa.

Iyaye kuwa suna da hanya mai sauƙi ta gane ko ɗansu koyo yake yi ko ɓata lokaci. Ba sai sun san sunan sanda ko ɗaya ba. Su tsaya a bayansa su dubi abin da yake yi in saukar ta fara lalacewa. In ya runtse ido ya cusa jirgin ya fasa, ya yi dariya ya sake sabo, wasa yake yi kawai. In kuwa ya ja sanda ya wuce filin, ya kewayo cikin natsuwa ya sake gangarowa daga farko, to ya koyi abin da ake biyan kuɗi mai yawa a koya a makarantar jirgi, kuma abin zai yi masa amfani ko da bai taɓa shiga jirgi ba.